Awa Tara Da Minti Hamsin

Taubashiyata 'Yar Lele,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin ɗakin gwajin jini. Mu nan lafiya ƙalau. Yaran uku sun koma makaranta, babansu yana gaishe ki. Ni ƙafafu ne kawai ke kumbura saboda tsayuwa a bayan kanta a filin jirgi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Kunnen Kaka ya ƙara nauyi, in aka kara mata waya sai ta yi ta cewa na'am har a gaji a kashe. Amma in na zauna gefen gadonta ina karanta mata abu da ƙarfi tana kallon bakina, tana ganewa. Akwai wata ma'aikaciyar jirgi, doguwa mai wushirya, da ke bin hanyarku, ta yarda ta riƙa kai mana tana kawowa. In za ki ba da amsa ki yi takarda biyu, ɗaya ta Kaka, ɗaya tawa.

Kaka ta faɗi a banɗaki mako uku da suka wuce. Ba ta karye ba, amma tun ranar ba ta sake takawa ita kaɗai ba. Na dawo da ita gidana, ɗakin da ke jikin kicin, don in riƙa jin motsinta. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka kafin in fita aiki, in na dawo ni ke wanke zannuwan gado. Ba ƙorafi nake yi ba. Sai dai in na sunkuya ina goge mata baya, sunanki take kira. Jiya ma cewa ta yi in ninke sabon bargon da na saya mata in ajiye, wai kada ya tsufa kafin 'Yar Lele ta zo, ita ba ta jure sanyi.

To ga albishir. Kamfaninmu ya buɗe hanya kai tsaye tsakanin garinmu da naku. Da sai an sauka wani gari an yi zaman jira, a kwashe awa goma sha shida, kuma da wannan kika yi shekara shida kina kare kanki. Yanzu akwai jirgi Talata da Asabar. Nisan kilomita dubu bakwai da ɗari uku ne. Daga nan zuwa can awa tara da minti goma, daga can zuwa nan awa tara da minti hamsin, don iska tana tare gaban jirgin. Ba a banza kika sa mini Agogo ba, na haddace su tun ranar da aka liƙa sanarwar.

Shekara goma sha ɗaya ina bayan kantar nan, ina auna akwatunan mutane ina miƙa musu tikiti, ban taɓa wuce ƙofar da suke shiga ba. Ke da kika saba, wannan ai ɗan zama ne. Ki gaya mini wace Asabar.

Yayarki,
Agogo

*

Yaya Agogo, sarkin minti,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same ni lafiya, a tsaye na karanta ta bakin ƙofa, ban ko cire takalmi ba. Maigida yana gaida ku duka. Ki shafa mini kan yaran, musamman ƙaramar da aka ce ta ɗauko bakina, Allah ya ba ki haƙuri da ita.

Labarin Kaka ya sa ni kuka. Ga saƙo nan wurin mai wushirya: na'urar awon hawan jini, da safa masu kauri, da man shafawa na ƙafafunki. Ki riƙa auna ta safe da yamma kina rubutawa, ko da yake ke ba sai an ce miki ki rubuta lokaci ba. Bargon kuma ki lulluɓa mata shi, ki ce ni na ce.

Na yi dariya da iskar da ke tare gaban jirgi. Wato har iska kin sa wa ido, taubashiya. Da a hannunki take da kin ba ta takardar gargaɗi saboda makara.

Maganar zuwa kuwa, Yaya, ba yanzu ba. Awa taran nan da kike gani ɗan zama, a bana sun yi mini yawa. Ki ba ni lokaci. Ke dai kin huta, kina kusa da ita, ga yaranki kewaye da ke. Da ni ce ke, da ban nemi komai ba a duniyar nan.

Ga takardar Kaka nan a ciki, na yi rubutun da manyan baƙaƙe ko za ta so ta riƙe. Ki karanta mata a hankali.

Ƙanwarki,
'Yar Lele

*

'Yar Lele,

Muna lafiya. Saƙo ya iso, an gode. Na'urar tana aiki.

Kin ce na huta. Sau huɗu na karanta layin nan ko zan ga wasan taubasantaka a ciki, ban gani ba. Ki zo ki ga hutun. Ki zo ƙarfe biyar na safe ki ga ina cicciɓar tsohuwa da bayana da ke ciwo, ki biyo ni filin jirgi ki tsaya awa takwas kina yi wa mutane murmushi suna zaginki a kan kilo biyu, ki dawo ki tarar da kwanon kashi yana jiranki. Sannan ki sake rubuta mini cewa na huta.

Awa tara sun yi miki yawa. Ranar Talatar nan na ba wata tsohuwa tikiti, shekararta tamanin da ɗaya, a keken guragu aka turo ta, za ta garinku ganin jikarta. Ni na ɗaura wa sandarta takarda. Ita ba su yi mata yawa ba.

Kuma da ke ce ni, wai da ba ki nemi komai ba. Ai an ba ki zaɓin zama ni, ba ki ɗauka ba. Ko kin manta? Mu biyu makarantar nan ta ƙasar waje ta ɗauka, kuma kin san wadda makinta ya fi. Sai Kaka ta kwanta ciwonta na farko, Kawu mahaifinki ya zaunar da mu a falo ya ce dole ɗaya ta tsaya. Ba wanda ya tambaye ni. Kaka ce ta ɗago daga kan kujera ta ce, “Agogo ce ta san lokacin magunguna.” Shi ke nan. Kin sunkuyar da kai ba ki ce uffan ba, bayan mako biyu kika tafi, da koren akwatina ma kika tafi don naki ya yi ƙarami. Ke aka ba ki duniya saboda ana sonki, ni aka bar ni saboda ina da amfani. Ke 'yar ɗanta ce, ni 'yar 'yarta, wataƙila ma daga nan bambancin ya fara.

Tun da aka buɗe hanyar nan, kullum ina riƙe miki kujera a kwamfuta, ta jikin taga. Kwana uku take yi ta faɗi, in sake riƙewa. Yau na bar ta ta faɗi.

Akwai abin da na yi, gara ki ji daga bakina. Takardar Kaka ban karanta mata duka ba. Gaisuwar na karanta, na tsallake inda kika ce kina mafarkinta, da inda kika ce har yanzu kina jin ƙanshin ɗakinta. Da ta tambaya yaushe za ki zo, na ce kin ce nisa ya yi miki yawa. Sai ta ce in juya ta ta fuskanci bango. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan lokaci na ji daɗi.

Agogo

*

'Yar Lele,

Ina fatan kina lafiya. Mu nan da sauƙi, ban da Kaka.

Mako biyar ke nan ba amsa. Na kira wayarki sau shida, maigidanki ke ɗauka, kullum kina barci ko ba ki kusa. Na gane. Mutum ya yi nisa, ya yi ilimi, sai ya sami mai amsa masa waya.

In fushi kike da ni, ki yi, na san abin da na rubuta kuma ban janye ba. Amma Kaka ba ta yi miki komai ba. Abincinta ya koma cokali huɗu biyar. Likita ya duba ta ranar Litinin, da muka fito tsakar gida ya ce zuciyar ta gaji, duk wanda ke son ganinta kada ya ja lokaci. Ta daina tambayarki. Na ɗauka in ta daina zan ji sanyi, sai ga shi shirun ya fi damuna.

Jirgi yana nan, Talata da Asabar.

Agogo

*

Yaya,

Gaisuwa. Ba zan ce ina lafiya ba, don a gadon asibiti nake rubuta wannan, a kwance, allon cin abinci ne teburina. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun.

Takardunki biyu tare suka iso shekaranjiya. An canza wa mai wushirya hanya, ta farkon ta yi wata guda a jakarta kafin ta ba wata abokiyar aikinta. Maigida ya kawo mini su. Shi kuma kada ki ga laifinsa, ni na hana shi faɗa.

Ciki gare ni, Yaya, wata shida. Wannan ne na huɗu. Ukun farko duk sun zube, biyu a wata na uku, ɗaya a wata na biyar, har an ga namiji ne. Ban gaya wa kowa a gida ba. Lokacin da na rubuto miki, likita ta riga ta hana ni doguwar tafiya, ta ce ko zaman awa biyu a mota ba ta yarda ba, balle awa tara a sama inda ba mai taimakona in jini ya ɓalle. Bayan kwana goma jinin ya ɓalle a wurin aiki, ina tsaye da kwalbar gwaji a hannu. Tun ranar nake ɗakin nan. Taga ɗaya ce, tana kallon wurin ajiye motoci, kuma jiragen da ke sauka ta samansa suke wucewa. Ranar Talata da Asabar ina ƙirga su ina cewa ko wannan ne naku.

Za ki ce me ya hana ni gaya miki. Kishi ne. Ke kin haifi uku kamar wasa, duk hoton da kika turo akwai wani a bayanki ko a cinyarki. Sau nawa na buɗe hoton na kife wayar. Ban so ki tausaya mini ba, ke musamman. Da na ce kin huta, ba baƙar magana ba ce, da gaske nake, ko da yake yanzu na ga yadda ta faɗo miki.

Maganar falo gaskiya kika faɗa. Na ji abin da Kaka ta ce, na san makinki ya fi nawa, na yi shiru don ina son tafiya. Ban taɓa ba ki haƙuri ba saboda ina tsoron in na buɗe zancen za ki ce in dawo. Amma ke ma ki ji nawa. Duk shekarun nan in na kira Kaka, ba ta minti biyu sai ta ce Agogo ta yi kaza, Agogo ta ce kaza, bari in tambayi Agogo. Ni sunana kawai take da shi. In ta ji tsoro ai hannunki take nema.

Abin da kika gaya mata ya yi mini ciwo, har nas ta shigo ta ce in ban daina kuka ba za ta ƙwace takardun. Ban yafe ba tukuna. Ki je ki gyara. Ki karanta mata waccan duka, ki karanta mata wannan ma, kada ki tsallake komai, har inda na ce ina kishinki.

'Yar Lele

*

Ƙanwata,

Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya raba ku lafiya. Kada ki tashi zaune don karanta wannan.

A wurin aiki aka miƙo mini takardarki. Na karanta rabi na ce wa ta kusa da ni ta riƙe mini layi, na shiga ɗakin ajiyar kayan da suka ɓata na zauna kan akwatin wani. Ban san tsawon zaman da na yi ba, ni da kike kira Agogo.

Da na koma gida na karanta wa Kaka duka biyun. Na kuma gaya mata ƙaryar da na yi. Ta ce ai ta sani, wai 'Yar Lele ba ta taɓa rubuta gajeren abu ba, ko aikin makaranta sai ta cika takarda. Daga nan ta tambaya wa ke wurinki. Na ce maigidanki, in ya tashi aiki. Ta ce namiji ba ya jinyar ciki. Sai ta ce, “Ki je.”

Na ce ita fa. Ta ce Goggo ƙanwar Kawu tana nan ba abin da take yi sai kallon talabijin, a kira ta. Na ce likita ya ce kada a ja lokaci. Ta ce likita bai san ta ba.

Kin ga halin tsohuwar nan ko? Wancan karon saboda ke aka ce in zauna, wannan karon saboda ke aka ce in tafi. Na gaya mata haka, ta yi dariya har ta sarƙe. Raina ya ɗan sosu, amma na nemi biza, ofishinmu ya ba ni takardar shaida, an ce mako uku. Baban yara ya yarda da kwana goma sha biyu. Na rubuta wa Goggo lokutan magani na liƙa a ƙofar firiji, a bango, da jikin gado.

Ban san yadda ake ɗaura bel ɗin kujera ba. Kada ki gaya wa kowa.

Yayarki

*

Ƙanwata, maman jaririya,

Gaisuwa da ta'aziyya, tawa gare ki, taki gare ni. Ina fatan ɗinkin ya daina ja, kuma an fito da 'yar daga kwalba kamar yadda suka ce. Mu nan muna haƙuri. Baƙi sun fara raguwa. A waya rasuwar Kaka kawai na iya faɗa miki, ga sauran.

Kin san yadda na baro ku, ke ba ki iya tashi, ita kuma kamar ɗan tsako da wayoyi a ƙirji. Dawowar nan ta fi tafiyar wuya nesa ba kusa ba. Akwai ɗan allo a bayan kujerar gabana yana nuna sauran lokaci, in kawar da kai in daɗe in duba, sai in ga minti shida ne suka wuce. Kafin in taso Goggo ta ce mini jikin Kaka ya tsananta, kuma a sama ba waya, ba abin da za ki yi sai zama. Shekara da shekaru ina faɗa wa fasinjoji awa kaza da minti kaza kamar ina faɗin farashin tumatir. Wata mata kusa da ni ta ga ina ta murza hannu, ta ɗauka tsoron jirgi ne, ta ba ni alawa.

Na same ta da rai. Goggo ta rikita maganin rana da na yamma duk da takarduna uku, amma ban yi faɗa ba. Na shiga da wayata a hannu, na buɗe hoton jaririya tun daga ƙofa, don na san shi take jira. Ta ture wayar gefe ta kama hannuna ta ce, “Ke fa? Kin ji tsoro?” Na ce na ji. Ta ce in ba ta labari tun daga farko. Na zauna na ba ta, yadda ƙasa ke karkacewa in jirgi ya juya, yadda kunnena ya toshe, yadda na yi amai a 'yar jakar takarda gaban ma'aikatan da suka san ni. Sai da na gama kaf ta ce to a nuna mata 'yar. Ta kalla ta ce hancin nawa ne, Allah ya kyauta. Ina faɗa miki wannan ne da gangan, ki ɗan ji yadda nake ji.

Kwana huɗu ta ƙara. Ranar Alhamis da hantsi ne, ina gefenta ina ninke wanki, Goggo tana kicin.

Na san abin da kike son tambaya kuma kunya ba za ta bar ki ba, don da ni ce a can, shi zan fara son sani. Ba ta kira sunanki ba. Ba ta kira nawa ba. Ruwa ta nema, na ba ta, ta sha kurɓi biyu ta ce ya yi sanyi da yawa. Na tashi in sirka mata, kafin in juyo ta tafi.

Ki ci abinci, ki riƙa ba 'yar nono ko da ba ta kama sosai ba. In ta yi ƙwari, ki turo mini awonta duk mako.

Yayarki,
Agogo